Ai Ruwanmu Garau Ne

Asabar ɗin da ta wuce aka yashe rijiyar gidan Gwaggo, wadda rabin layinmu ke sha a cikinta duk sanda famfo ya yi yaji, wato kusan kullum. Tun da hantsi mai yasa ya tuɓe riga, ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka, yara suka yi cincirindo a baki suna leƙe ana korarsu. Abin da aka fito da shi kafin azahar ya isa a buɗe ɗan shago: guga huɗu, buta, ludayi biyu, silifa wari ɗaya, ƙugiyar da aka taɓa zurawa don ciro ɗaya daga cikin gugan ita ma ta zauna, da wata tsohuwar Nokia da jikan Gwaggo ya rantse tun shekaru huɗu baya cewa a kasuwa aka zare masa. Sai laka baƙa ƙirin, bokiti bayan bokiti, tana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. A kan wannan lakar ruwan da muke sha yake kwance, wanda muke yabo cewa duk unguwa babu mai daɗinsa.

Da aka gama, Gwaggo ta aika aka sayo alimun, ta daka a turmi ta watsa a ciki. Washegari ruwa ya kwanta, har kana iya hango ƙasan rijiya. Ta ce shi ke nan, an yi magani.

Da daddare maganar ta taso a majalisa, gaban teburin mai shayi. Ni na kawo ta, da nufin a yi dariyar wayar nan, amma sai Baba Duba-gari ya karɓe. Shekara talatin da wani abu ya yi yana leƙa randunan mutane da masansu kafin ya yi ritaya, kuma har yau in aka miƙa masa ruwa sai ya ɗaga kofin ya haska da tocila.

Ya ce, "Ku dai kuna ba ni mamaki. Alimun me ya kashe?"

Aka ce ai ya wanke ruwan.

Ya ce, "Ya tara dauɗa ya kwantar da ita ƙasa, na yarda. Amma ƙwayar kwalara da ta taifot ba duka suke binta ba. Ido kawai kuka yi wa magani."

Gaskiya ya faɗa, don mu da ido muke shari'ar ruwa. In ya yi garau, mai kyau ne. In ido ya yi shakka sai a kira hanci, in hanci ya kasa sai harshe ya yanke hukunci: wannan da zartsi, wannan da daɗi, wannan yana da nauyi a ciki. Ruwan randa ya fi na jarka saboda sanyi. Ruwan leda kuwa, tunda an rufe shi an buga masa lamba, ba a ma tuhumarsa, ko da a bayan gidan wani aka ɗura. Muna tace ruwa da ɗankwali, kuma wannan ya yi mana rana a zamanin kurkunu, cutar da sai a 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ita. Muna tafasa wa jariri da maras lafiya. Tsofaffi suna daka 'ya'yan zogale su zuba a ruwan da ya gurɓace ya kwanta, dabarar da matan Sudan na bakin Nilu suka daɗe da sani. Akwai masu sakin tarwaɗa a rijiya wai ta cinye tsutsa, akwai ma, Allah ya shirye mu, masu ɗiga kananzir. Bayan duk wannan, sai yaro ya zo daga wasan ƙasa ya tsoma moɗa har wuyan hannu a randar, kowa yana kallo.

Baba ya ce abin da ke kashe ƙwayar cuta shi ne wuta ko kulorin. Ya kwatanta yadda suke yi a da in kwalara ta ɓarke: a kwaɓa farin garin kulorin a bokiti, a wanke bangon rijiya da shi, a zuba sauran a ciki, a hana ɗiba har ta kwana, sa'an nan a kwashe ruwan har warin ya ragu. Ya ce amma kada wanda ya ruɗi kansa, ƙarfin maganin a rijiya ba ya daɗewa. In guga yana kwana a ƙasa inda awaki ke fitsari, ko masai yana kusa da rijiya, to bayan 'yan kwanaki an koma gidan jiya. Su a aikinsu mita 30 suke nema tsakanin masai da rijiya. Aka yi dariya, don gidajen layinmu kaf babu wanda tsawonsa ya kai haka. Ya ce shi ya sa ya fi yarda a sa maganin a jarkar da za a sha, ko na ruwa irin WaterGuard ko ƙwaya irin Aquatabs, a rufe, a jira minti 30. In ruwan ya yi duhu a fara kwantar da shi, don dauɗa tana cinye kulorin kafin ya kai ga aikinsa. A nan alimun ɗin Gwaggo yake da amfani, share fage yake yi.

Alhaji mai burtsatse, wanda duk 'yan ga-ruwan unguwa ke layi da kurarsu a ƙofar gidansa, ya gyara zama. Ya ce wannan duk matsalar masu buɗaɗɗiyar rijiya ce. Nasa ruwan daga can ƙarƙashin dutse injin ke jawo shi, babu guga, babu ƙadangare, babu hannun yaro. "Ka zuba a kofin gilas ka gani, kamar hawaye."

Sai wani dattijo da muke kira Ɗan Jidda, saboda ya yi shekara goma sha a can yana aikin gini, ya ce wannan magana ta tuna masa wani Bangali da suka yi aiki tare. Ya ce ranar farko da suka gaisa ya ji tafin hannunsa kamar an barbaɗa tsakuwa a ƙarƙashin fata, ƙuraje ne masu tauri, ba ruwa ba ƙaiƙayi. Ya ɗauka kanta ce ta aikin siminti. Sai wata rana suna alwala ya ga tafin ƙafarsa ma haka, ga ƙirjinsa da ɗigo-ɗigo baƙi da fari kamar an yayyafa masa ruwan toka. Ya tambaye shi da ɗan Larabcin da suke haɗawa, mutumin ya yi alamar buga famfon tuƙa-tuƙa da hannu, ya ce ruwan garinsu ne.

"Na ce masa ruwan ƙazanta kuke sha? Ya ce wallahi ya fi na nan haske."

To wannan labarin na san shi, don na taɓa bin diddiginsa, sai na ce su ba ni aron kunnuwansu.

Bangaladash ƙasa ce ta ruwa, koguna da tafkuna ko'ina, kuma daga nan mutanen karkara suke sha. Amai da gudawa ya riƙa kwashe musu yara ba adadi. Daga shekarun 1970, gwamnatinsu da UNICEF da sauran masu agaji suka duƙufa wajen kafa famfunan tuƙa-tuƙa, a soka bututu a ƙasa a jawo ruwan da ƙwayar cuta ba ta kai gare shi ba. Ƙasar tasu laka ce mai taushi, haƙa ba wuya, saboda haka mutane da kansu suka ɗauka, kowane mai ɗan hali ya kafa nasa a tsakar gida, har suka kai miliyoyi. Mutuwar yara ta ragu ƙwarai. Duniya ta yi ta tafi. An auna ruwan an ga babu ƙwayoyin cuta, amma ba a neme shi da asenik ba, don babu wanda ya kawo shi a ransa.

Asenik guba ce da ke cikin ƙasa tun asali, ba wani ne ya zuba ba. Kogunan Ganjis da Barahmaputara sun yi dubban shekaru suna kwaso rairayi da laka daga tsaunukan Himalaya suna jibgewa, gubar tana manne da tsatsar ƙarfen da ke jikin rairayin. A can ƙasa inda iska ba ta shiga, ƙananan halittu masu cin ruɓaɓɓen ganye suna narkar da tsatsar, gubar ta saku ta shiga ruwa. Daidai zurfin da talaka ke iya kai bututunsa, nan ta fi taruwa. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, kuma ba ta gaggawa. Sai mutum ya yi shekara biyar, goma, ko fiye yana sha kafin fata ta fara nunawa, daga baya kuma a ga kansar fata, ta mafitsara ko ta huhu, da ciwon zuciya.

A 1983 wani likitan fata a Kalkata, K. C. Saha, ya gane cewa tabon da yake gani a jikin mutanen ƙauyukan Bengal ta Yamma, a ɓangaren Indiya, daga ruwan famfo yake. A Bangaladash sai 1993 aka tabbatar da gubar, a gundumar Chapai Nawabganj. Zuwa 2000, wani rahoto a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙiyasta mutum miliyan 35 zuwa 77 ne ke cikin haɗari, ya kuma ɗauki lamarin a matsayin shan guba na jama'a mafi girma da tarihi ya sani. Kafin a wayar da kai, a ƙauyuka an ɗauka kuturta ce. An ƙaurace wa mutane, an fasa auren 'yan mata, an kori matan aure.

Majalisa ta yi tsit, sai ƙarar cokalin mai shayi. Wani matashi ya ce, "An gudu ba a tsira ba ke nan."

Alhaji ya ce, "To su tafasa mana."

Na ce a nan gizo ke saƙar. Tafasawa tana kashe abu mai rai ne. Asenik ba shi da rai balle a kashe shi, ɗan'uwan ƙarfe ne. In ka ɗora tukunya, ruwa ne ke tashi ya zama tururi, gubar ta zauna, abin da ya rage a tukunyar ya fi na farko kauri. Kamar miya ce da gishiri ya yi wa yawa, ka ce bari ka ƙara mata wuta.

"Kulorin fa?" Wannan Baba ne ya tambaya, kuma na ga ransa yana son a ce e.

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, shi ma ba ya cire ta." Amma ban bar shi hannu rabbana ba. Asenik iri biyu yake zuwa a ruwa. Wanda ya fi yawa a ruwan ƙarƙashin ƙasa mai santsi ne, ba ya kamuwa da sauƙi. Kulorin yana juya shi zuwa ɗaya irin, wanda ke manne wa tsatsar ƙarfe ko gudajin alimun. Saboda haka in aka sa kulorin, aka bi da gishirin ƙarfe ko alimun daidai gwargwado, aka motsa, aka bari ya kwanta, aka tace, gubar tana raguwa sosai.

Mai shayi ya ce, "Ashe Gwaggo likita ce."

Na ce da sauranta. Gwaggo da tafin hannu take awo, kuma a rijiyar take zubawa, abin da ya kwanta yana nan a ƙasa inda aka tsinci wayar jikanta. Wannan aikin a bokiti ake yinsa, da ma'auni, a zubar da lakar inda yaro ko kaza ba za su kai ba, sa'an nan a auna ruwan a gani ko ya sauka. Ga kuma ƙanƙantar abin da ake magana a kai. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tun 1993 ita ce maikirogiram 10 a lita ɗaya. In ka cika tankar ruwa mai lita 10,000, nauyin ƙwayar shinkafa huɗu ko biyar na gubar ya kai ta iyaka. Bangaladash ta tsaya a 50, ninki biyar ke nan, kuma duk da wannan sassaucin rijiyoyi birjik suka zarce. Wane ido ne zai ga wannan, wace tocila?

Baba ya kashe tocilarsa ya sa a aljihu.

Abin da suka yi a can ya burge ni saboda sauƙinsa. A farkon shekarun 2000 aka bi ƙauye-ƙauye da ɗan akwatin gwaji, aka auna famfuna kusan miliyan 5. Wanda ya tsallake a shafa wa bakinsa koren fenti, wanda ya faɗi a shafa masa ja. Fiye da miliyan 1 suka sha ja. Na jan a yi wanka da wanki, kada a sha, kada a yi girki. Abin mamaki, sai ka ga famfon gidanka ja ne, na maƙwabcinka da katanga ta raba ku kore, don gubar ba shimfiɗe take bai ɗaya ba. Mafi arhar magani sai ya zama ka ɗauki tulu ka yi sallama a gidan maƙwabci. Sai kuma rijiyoyi masu zurfin da ya wuce mita 150, waɗanda galibi suke da lafiya, da tara ruwan sama, da matata. Akwai ta tukwane uku da ake ɗorawa bisa juna, da rairayi da ɓarɓashin ƙarfe da gawayi. Wani masanin sinadarai ɗan garin Kushtia mai koyarwa a Amurka, Abul Hussam, ya inganta ta zuwa bokiti biyu, ya sa mata suna Sono, kuma a 2007 ta ci masa kyautar dala miliyan 1.

Ɗan Jidda ya ce, "Mu nan a ce ka je gidan maƙwabci kullum ɗibar ruwa? Kwana uku matan za su yi faɗa a kan an jiƙa zaure."

Ai su ma sun yi. Wasu girman kai ya hana su, wasu nisa, fenti kuma ya koɗe da damina, aka haƙa sababbin famfuna da ba wanda ya auna. Wasu da tsoro ya kama suka koma wa tafki da buɗaɗɗiyar rijiya irin ta Gwaggo. A can irin wannan rijiyar sau da yawa gubarta kaɗan ce, saboda iska na shiga, amma ƙwayoyin cuta sun yi mata katutu. Nan ne kulorin ɗin Baba ya dawo da martabarsa. Mutum yana tsakanin maƙiya biyu, ɗaya yana kayar da yaro cikin kwana biyu, ɗaya yana jira shekara goma, kuma makamin da ke kashe na farkon ba ya kawar da na biyun. Ko matatar da ta cire gubar, in ba a wanke ta, sai ta zama gidan ƙwayoyin cuta.

Liman, wanda tun ɗazu yake jan carbi bai ce komai ba, ya yi gyaran murya. Ya ce shi abin da ya tsaya masa shi ne launi da ɗanɗano da wari, don su ukun nan ne muka karanta tun muna yara a Ahalari da Ishmawi, cewa in ba su canja ba ruwa yana nan da tsarkinsa.

Na ce, "Allah gafarta Malam, to ya ke nan?"

Ya ce, "Wancan hukuncin alwala ne da wanka. Ba a ce kowane ruwan da ya halatta ka yi tsarki da shi lafiya ne ga cikinka ba. Ruwan teku ma ai ana alwala da shi. Mu ne muka haɗa biyun muka huta."

Alhaji dai bai sauka ba. Ya ce wannan can ne, ƙasar Indiyawa, mu ƙasarmu dutse ce.

Sai mai shayi ya ajiye butarsa. Bagobiri ne daga wajen Maraɗi, ba ya yawan sa baki in manya na magana. Ya ce, "Alhaji, ku tambayi mutanen Tibiri." Ya ce a tsakiyar shekarun 1980 aka haƙa musu burtsatse mai zurfi, gari ya yi murna an rabu da wahalar guga. Ruwa garau. Yaran da suka taso a kansa haƙoransu suka yi ja kamar masu cin goro, wasu ƙafafunsu suka lanƙwashe kamar baka. Ya ce ya ga sa'o'insa da idonsa, ana cewa iska ce, ana cewa sammu ne, sai bayan shekaru aka gane ruwan ne. Tasu gubar ba asenik ba ce, fuloraid ne ya yi yawa, sinadarin nan da ake sa kaɗan a man goge baki. Amma hanyar ɗaya ce: daga dutsen yake fitowa, ido ba ya gani, tafasawa ba ta raba shi da ruwa.

Asenik ɗin kansa ma bai yi mana nisan da Alhaji ke zato ba. A yammacin Afirka yana bin duwatsun zinariya. An same shi a burtsatsen lardin Yatenga na arewacin Burkina Faso, wajen Wahiguya, an kuma daɗe da saninsa a Obuwasi ta Gana, garin haƙar zinariya, inda dutsen da ake fasawa yake ɗauke da shi. Mu kuma nan ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara. Waccan ta ƙurar dutsen zinariya ce da ake daka a tsakar gida, amma ta nuna mana abin da dutse ke iya ɓoyewa. A takarda, ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta 2007 ta sa wa asenik iyaka daidai da ta Hukumar Lafiya ta Duniya. A layinmu kuwa, na tambaya ɗaya bayan ɗaya, cikin masu rijiya da masu burtsatse babu wanda ya taɓa kai ruwansa awo. In mai haƙa ya ga ruwa ya ɓulɓulo, sai a yi kabbara, a ɗiba a kofi a kai wa maigida ya kurɓa ya ce da daɗi, a yanka rago.

Matashin nan ya ce to a haɗa kuɗi mana, a ɗebi na Gwaggo da na Alhaji a kwalba a kai jami'a ko hukumar ruwa a auna, ƙwayoyin cuta daban, guba daban. Kowa ya ce haka ne. Aka fara lissafin nawa kowane gida zai bayar, nan take mutum biyu suka tuna suna da baƙi a gida.

Alhaji ya ce shi ba ya tsoron awo, ruwansa ya sani. "Amma in aka zo aka shafa wa tankina jan fenti, wa zai biya ni kuɗin haƙa? Kai?"

Baba ya ce, "In kore aka shafa fa? Ka ƙara naira goma a jarka."

Alhaji ya yi shiru yana lissafi. Ya ce a bari sai bayan salla.

Da na tashi tafiya gida na bi ta ƙofar Gwaggo. Sabon gugan da aka sayo ranar yasa yana yashe a ƙasa gefen rijiya, igiyarsa cikin caɓi, tunkiya tana lasar ruwan da ya rage a ciki. Na ɗauka na rataye a ƙusar bango. Daga ɗaki Gwaggo ta ce wane ne, na ce ni ne. Ta ce, "Ɗan nan, ɗebi ka sha ka ji, tun da aka sa maganin nan kamar ruwan ƙanƙara."